Taken Lami a Damagaram

Kakata ta wajen uba, Iya Abu, ba ta yin tatsuniyar gizo. A gidanmu na Babura, idan an ci tuwon magariba lokacin sanyi, mukan kewaye murhunta muna ɓarar gyaɗa, mu yi ta roƙonta, ita kuwa ta taɓe baki ta ce wanda ya ga duniya da idonsa ba ya ɓata bakinsa a kan gizo. Ni takan zungure ni da ƙafa ta ce, "Maigida, matsa, ka tare mini wuta. Miji sai ci, ba cefane." Sannan ta gyara zama ta ce, "To, ga ta nan gare ku, amma wannan ta faru." Mu ce ta zo mu ji.

Wadda ta fi ba mu ita ce tafiyarsu Damagaram da ƙawarta Lami, a shekarun da aka samu mulkin kai. Sun bi motar 'yan kasuwa zuwa bikin wata 'yar uwar Lami, kuma ranar suka fara taka wata ƙasa. Lami tana da dundumi, da rana ta faɗi ba ta ganin ko tafin hannunta. Shi ya sa a tasha mahaifiyarta ta ɗora hannun Lami a cikin na Iya ta ce, "Abu, amana ce. Kada magariba ta same ku a waje."

Washegarin biki suka fita ganin gari. Iya takan lissafa mana abin da suka gani kamar jiya ta dawo: manyan duwatsu a tsakiyar unguwa da gidaje a jikinsu, ƙofar gidan sarki, Buzaye da raƙumansu, da wani burodi dogo kamar taɓarya wanda Lami ta saɓa a kafaɗa tana ba mutane dariya. Da la'asar suka jiyo kalangu da algaita daga wani fili. Lami ta ce su ɗan leƙa kawai. Kiɗa ya yi daɗi, ba wadda ta ɗaga kai ta dubi rana.

Duhu ya fara shiga ke nan sai wani raƙumi ya firgita ya faɗo cikin taron. Mutane suka yi ta tura juna. Da Iya ta dawo hayyacinta, hannunta babu kowa.

"Na yi kira har maƙogwarona ya tsage," in ji ta, "ganga ta cinye muryata." Ta riƙa kama matan da ke wurin ta baya suna juyowa suna zaginta. Abin da ya fi tsinka mata zuciya shi ne ramukan da aka haƙi ƙasar gini a gefen filin, masu zurfi, cike da ruwa, da rana ta gan su da idonta. Ta ruga can ta tsaya tana sauraron ko za ta ji an faɗa, ta dawo, ta sake komawa. Ta ce a nan ta yanke wa ranta cewa in Lami ta mutu a ramin nan, ita ma ba za ta koma Babura ta kalli mahaifiyar Lami ba.

A zamanin 'yanmatancinsu kowace yarinya tana da takenta, wato ɗan kiɗan da makaɗin dandali yake yi mata ita kaɗai, da ta ji ta fito rawa. Shi ya faɗo wa Iya a rai. Amma matar aure ba ta shiga fage, ga kuma 'yan kasuwar Babura a wurin, waɗanda suka san mijinta. Haka ta ratsa tsakiyar fili, ba mayafi, ta durƙusa gaban babban makaɗin.

"Baba, don girman Allah, ka kaɗa mini wani take."

"Na wa, ɗiyata? Mu nan ba mu san ku ba."

Ta buga masa a ƙirjinta da tafin hannu. Ya gwada, bai yi ba. Ta sake bugawa tana kuka. Sai ya ɗaga hannu sauran makaɗan suka yi shiru, ya shiga kaɗa taken Lami shi kaɗai. Babu wadda ta fito. Ya kaɗa ya kaɗa, mutane suka fara dariya, daga baya dariyar ta mutu. Tsohon ya sauke hannu ya ce, "Ɗiyata, da tana kusa da ta amsa." Iya ta riƙe ƙafarsa ta ce ba za ta saki ba sai dai a yanke hannunta.

A daidai nan Iya takan yi shiru ta hau gyara itacen murhu, mu kuma mu yi ta ihu. Ina yaro na ɗauka ja mana rai take yi. Yanzu na san muryarta ce take ƙin fita.

Makaɗin ya sake kaɗawa. Can daga wajen ramukan aka ji guɗa, siririya, tana rawa. Wani mai fitila ya bi Iya a guje. Suka tarar da Lami zaune a bakin rami, inda ta ji ƙasa ta fara gangara sai ta zube ta ƙi motsi, takalminta ɗaya ya riga ya tafi cikin ruwa. Abin da ta fara cewa shi ne, "Abu, makaɗin nan bai iya ba, yana yi masa sauri." Sannan suka rungume juna suka yi kukan da ya tara musu jama'a.

Mu dai maganar Lami ce take ba mu dariya, mu kwashe gyaɗarmu mu watse. Ban gane abin da Iya take faɗa mana ba sai da na girma, aiki ya kai ni Kwatano tare da wani abokina. Wata yamma muka je kallon kiɗa, taro ya raba mu. Na neme shi hankali a tashe, ashe shi ya koma masauki ya ci abincinsa, daga baya ya ce ai ni ba yaro ba ne. Gaskiya ya faɗa, ban kuma ji haushinsa ba, tausayin kaina ne ya kama ni. Na tsaya a filin nan har aka naɗe kayan kiɗa ina kasa kunne, alhali na san duk garin babu wanda ya san abin da zai kaɗa mini.