Girigirin da aka share mana

Har yau ban mance da wata Talata ba, cikin ranin 1986, ina mai kula da lambun mata kusa da Tsarnawa. Lambunmu a gauraye yake: zogale a tsaye, kabewa ta rufe ƙasa, girigiri na hawan zogalen. Girigiri wake ne mai yaɗo, saiwarsa kamar dankali. Da rani ganyen ya bushe, saiwar ta kwanta a ƙasa sai damina. Irin da muke da shi ke nan, wata tsohuwa Inna Tabawa ta kawo shi daga dangin uwarta, babu wani a karkarar.

Na dawo daga kai ɗiyata likita, na tarar shef ɗin gona, wato shugaban aikinmu, ya sa lebura sun tsige busasshen yaɗon duka, sun share ƙasa tas, wai manya za su zo daga Tawa. Alhamis kuma za a saki ruwa a dasa kabeji. Saiwar da ke barci, in ta sha ruwa haka, ruɓewa take.

Na ce, "Ranka ya daɗe, yaɗon nan shi ka nuna muna inda abin yake."

Ya ce, "Madam, haki ne na gani. Kin iya tonawa kafin jibi."

Zogale ya fi ɗari, a gindin kaɗan aka shuka girigirin, kowace mace inda ta ga dama. Na kasa zama. In tona nan, in koma can, in dawo in sake tona inda na bari. Tuwo ma a tsaye na ci shi.

Laraba da hantsi Inna Tabawa ta iso, ta dube ni ta yi dariya. "Ke ɗiyar nan, kaza kika koma? Bar ƙasa, ɗaga kanki."

Ashe inda girigiri ya nannaɗe zogale yakan bar zobe a jikin icen, lebura ba su iya cire wannan ba. Muka bi zoben itace itace, muna tona gindinsu. Kafin la'asar mun cika ƙwarya uku da saiwa. Saiwa biyu ce kawai fartanyata ta riga ta sare da gaggawa.

Shef ya tsuguna ya juya ɗaya a hannunsa.

Tun ranar, ku da kuke sababbi a aikin lambu ku ji, ba na barin a tsige busasshen abu a lambu sai an kira wadda ta shuka shi an tambaye ta.