Maɓalli na Huɗu

Mahaifina tafireta ya buga duk tsawon aikinsa, a sakatariyar Gagarawa. Da safe ya shiga motar haya daga Gumel, da yamma ya dawo yatsunsa duk baƙin kabon. Ba mai yawan magana ba ne, in kuwa ya buɗe baki sai ka rantse takardar ofis yake karantowa, gajeriya, babu kwana-kwana. Ko Innarmu ban taɓa jin ya kira ta haka kawai ba, sai da aike. "Ke, ruwa." "Ke, ina hulata?" Ita kuma ta kawo tana ƙunƙuni. Haka na taso na gan su, ban kuma ga aibun abin ba.

Bayan ya yi ritaya da 'yan shekaru, wata rana da la'asar yana alwala buta ta suɓuce masa, shi ma ya bi ta. A asibiti aka ce hawan jini ne. Ɓarinsa na dama ya shanye, harshe ya tafi. Hankalinsa kuwa garau, kana gani a idonsa. Wannan shi ya fi ci mini rai. Mutum yana ciki, ƙofa a kulle.

Da muka dawo gida sai aka shiga cinke. Ya ɗaga hannun hagu ya yi gurnani, Inna ta fara jero masa: "Ruwa? Abinci? Juya ka za a yi? Zafi kake ji?" Ya runtse ido. Ta sake daga farko. Wata rana na ga hawaye ya gangaro masa har cikin kunne, ita kuma ta fita tsakar gida tana faɗa da kaji ba gaira ba dalili. Na ba shi biro a hannun hagu, abin da ya fito kamar kaza ta yi tono. Na ɗauko tsohuwar tafiretarsa daga kan durowa, ashe tana son ƙarfin yatsa, ƙyallen tawadar ma ya bushe ƙamas.

Ni malamar kwamfuta ce a wata makarantar 'yan mata a Sule Tankarkar. Ina da wata tsohuwar kwamfutar cinya da na saya a kasuwar Maigatari wurin wani mutumin Damagaram, yana ta rantse mini da Allah cewa ba ta taɓa ciwon kai ba. Ƙarya yake. Ba ta iya nuna hotuna ko aiki da linzamin kwamfuta, da ka matsa mata sai ta ɗau zafi ta mutu. Abu ɗaya take yi ba gardama: baƙin allo da farin rubutu, wanda a sana'armu ake ce wa taminal. Madannanta ma jerin Faransanci ne, harafin a a wurin q, harafin q a wurin a. Na gyara ta ta ciki ta koma jerin da yatsun Baba suka sani, tun da shi ba ya kallon madanni. Na ƙara girman haruffa, na ɗora masa ita a kan ƙaramin teburi.

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya miƙa hannun hagu ya fara dannawa. Ni da Inna muka tsaya a kansa, ina jiran wasiyya ko addu'a. Ga abin da ya fito: "Kokon nan tsami yake yi kullum."

Na karanta wa Inna. Ta riƙe haɓa ta ce, "Oh ni! Duk wannan shirun, ashe kokona ake zagi a ciki." Ta juya ta fita, na ji ta a madafa tana dariya tana jan majina.

Ba mu yi sati ba aka yi ɓarna. Duk wanda ya san tafireta ya san akwai wani ƙarfe a gefen hagu, in layi ya ƙare sai ka make shi da hannun hagu, takarda ta koma farko. Hannun Baba ya yi shekara da shekaru yana wannan. Ranar yana cikin ba ni labarin wata gonarsa ta hanyar Gagarawa Tasha, rubutu ya ɗauke shi, layi ya kai ƙarshe, sai kawai hannu ya tashi da kansa. Tas! Ya make gefen allon. Gilashi ya tsage, wani baƙin tabo ya malale daga sama ta hagu, ya cinye fiye da rabin fuskar. Hausawa na cewa sabo turken wawa, amma uba ne, ba zan faɗa ba. Na dai ce, "Haba Baba!" da ƙarfin da ban taɓa yi masa magana da shi ba. Shi kuwa ya bi hannunsa da kallo kamar na wani ne.

Matsalar ita ce rubutu daga sama ta hagu yake farawa, daidai inda tabon yake. Yana dannawa, babu mai ganin komai. Mai gyara a Gumel ya juya ta ya ce irin wannan allon sai Kano. Na Kano ya ce a waya irin wannan sai dai gidan tarihi. Na ce masa Allah ya shirye shi. Kwana biyu Baba ya koma gurnani, ya juya fuska bango, ko kokon ya ƙi sha.

Abin da ya rage mai kyau a allon wani ɗan fili ne a ƙasa ta dama, bai fi tafin hannu biyu ba. Dole rubutu ya koma can ya zauna. A nan na tuna wani abu da muka taɓa a makaranta muka wuce, don a lokacin mun ɗauka kayan tsofaffi ne.

Baƙin allon nan ba shi da wayo. Duk harafin da ka tura masa zana shi yake yi ya matsa gaba. Amma akwai harafi guda da ba ya zanawa, ana ce masa eskef. Da ya ji shi sai ya dakata ya kasa kunne, don ya san abin da ke biye umarni ne, ba rubutu ba. Kamar gyaran muryar maigida ne a zaure. Bayan eskef sai alamar baka mai kusurwa, sai lamba, sai harafi ɗaya da ke rufe zancen. In ka ce biyu da babban J, ya share allon gaba ɗaya. In ka ba shi lambar layi da lambar gurbi ka rufe da babban H, ɗan ɗigon nan mai ƙiftawa ya yi tsalle ya tafi inda ka ce, rubutu ya fara daga can.

Na zauna na rubuta 'yan layuka: share, tafi ƙasa ta dama, in rubutu ya kai bakin fili ka sauko ka dawo gefen tabo, kada ka shiga cikinsa. Gwajin farko na manta eskef ɗin a wuri guda, sai allon ya zazzago mana baka da lambobi birjik. Baba ya juyo daga bango ya duba. Da na gyara, abin da ya fara rubutawa shi ne, "Wancan wane yare ne." Na ce yaren injin ne. Ya rubuta, "Ba shi da ladabi." Inna kuma ta kawo nata ilimin, ta ajiye matashi a hagun kwamfutar. Daga ranar matashin ke shan mari.

Sai wata matsalar. Hutu ya ƙare, zan koma fita da sassafe, ba na dawowa sai yamma. Inna ta yi allo, tana karanta Alƙur'aninta tsaf, amma boko ko sunanta ba ta ganewa. Baba zai yi ta rubutu babu mai karantawa.

Eskef ɗin nan yana canza launi ma. Arba'in da ɗaya da ƙaramin m, bayan rubutu ya zama ja. Arba'in da biyu kore, arba'in da huɗu shuɗi. Na ɗaura kowanne a maɓalli guda, yadda da ya danna filin zai cika da launi, a hango shi tun daga bakin ƙofa, da ɗan ƙara kamar ƙararrawar tafireta. Na ɗaya ja, ciwo ko magani. Na biyu kore, ci ko sha. Na uku shuɗi, kewayawa ko alwala, abin da ko da bakinsa ba zai so faɗa ba. Sifiri kuma ya mayar da allon baƙi, don launi a wannan allon ba ya tafiya da kansa. In ka kunna shi yana nan har sai ka ce masa sifiri. Inna ta haddace kafin in gama bayani, har tana cewa ai wannan ko jikarta ta iya.

Akwai arba'in da uku. A rubuce an ce ruwan ɗorawa ne, amma a wannan tsohon allon sai ya fito wani ja-ja mai duhu, ba ja ba, ba ruwan ƙasa ba. Na gwada shi a maɓalli na huɗu, bai yi mini ba, na bar shi a nan ban ba shi aiki ba.

Bayan wasu makonni Inna ta tare ni ina cire takalmi. "Wai shi mai kalar lallen nan me yake nufi? Ya danna, na kawo ruwa ya ƙi, na kawo magani ya ƙi, na kawo buta ya harare ni." Na ce ba ya nufin komai, ragowar gwaji ne, hannunsa ne ke zamewa. Na buɗe na goge layin, don ni ba na son tarkace a aikina.

Washegari na dawo na tarar da rubutu yana jirana: "Wa ya taɓa na huɗu." Na yi masa bayani. Ya rubuta, "Mayar." Na ce to, tun da ana so bari in yi shi da kyau. Na nemo hanyar da zai fito ruwan ɗorawa sosai, mai haske, na nuna masa ina jin kaina. Ya make matashi. "Ba wannan ba." Raina ya ɓaci, na ce, "Baba, wancan fa kuskuren allo ne." Ya dube ni irin kallon da yake mini ina ƙarama in na taɓa masa takardu. Na mayar da arba'in da uku yadda yake, na tashi ina ƙunƙuni irin na uwata.

Ranar Asabar ina gida ina wanki na ga abin da idona. Ƙararrawa ta yi ƙara. Inna na tsince wake a tsakar gida, ta leƙa, ta ga kalar lalle. Ba ta ɗauki kofi ba, ba ta ɗauki buta ba. Ta kwashi farantin wakenta ta shiga, ta zauna a tabarma gefen gadonsa, tana cewa, "Mutum da aikinsa a hana shi sakat." Ta ci gaba da tsintar wake. Shi kuma ya lumshe ido. Na tsaya da kumfa a hannu, kunya ta kama ni kamar na leƙa abin da bai kamata ba, na koma bakin baho.

Daga baya na tambaye ta yaushe ta gane. Ta ce, "Ke dai yi wankinki." Ban sake tambaya ba. Mutumin da bai taɓa kiranta ba sai da aike, sai da bakinsa ya rufe ya samu hanyar cewa zo ki zauna, ba tare da kowa ya ji ya faɗa ba.

Haka muka ci damina muka shiga kaka. Ja ya fara yawa, kore ya ragu. Wata Talata da hantsi ina aji aka kira ni a waya. Kafin in samu mota in iso Gumel an riga an rufe masa fuska. Inna ta ce ya danna, ta shigo ta zauna, tana gyaran zogale, da ta ɗago ya tafi. Kwamfutar na kan teburi, filin nan na ƙasa ta dama cike da kalar lalle.

Bayan sadakar uku na shiga gyara ɗakin. Na kai hannu zan danna sifiri in rufe ta. Inna na zaune a tabarma cikin mayafin takaba, ta ce, "In kin danna me zai faru?"

Na ce, "Zai koma baƙi."

Ta ce, "To bar shi. Ni aka kira, kuma ban tashi ba tukuna."

Na janye hannuna. Na jawo waya daga batirin sola na haɗa mata, na hana allon yin barci. Duk tsawon takabar nan fargabata ɗaya, kada tsohuwar banzar nan ta ɗau zafi ta mutu, don na san in ni na sake kunna launin ba ɗaya ba ne, kuma Inna za ta gane. Na ɗora ta a kan tubali biyu don iska ta shiga ta ƙasa. In hazo ya rufe rana, wayata ce ke kwana babu caji. Mai takaba ba ta kwalli, ba ta turare, ba ta lalle, iyakar lallen da ke ɗakin shi ne na allon. Kwamfutar da ba ta iya awa biyu ba tare da ta suma ba, wallahi ba ta mutu ba.

Ranar da Inna ta fita takaba ƙannenta suka zo daga Maigatari, aka yi mata kitso, aka ƙunsa mata lalle hannu da ƙafa. Da la'asar, bayan baƙi sun ragu, ta kira ni ɗakin. Ta tsaya a gaban teburin ta ce, "Nuna mini inda sifirin yake."

Na nuna mata. Ta ɗora ɗan yatsanta a kai, launinsa da na allon kusan ɗaya. Ta ɗan jima a haka, bakinta na motsi. Sannan ta danna, filin ya koma baƙi, ɗigon ya ci gaba da ƙiftawa a gefen tabo. Ta ɗauki matashin ta karkaɗe shi, ta fita da shi tsakar gida ta shanya a rana.