Muryar Verna Guidry a Bakin 'Yata

Daga Allah muka fito, gare shi kuma makomar kowa take. Ranar Talata, huɗu ga watan Maris, labari ya iske ni ina tsaye a kicin cewa Allah ya karɓi ranki, Verna Guidry, nas ɗin makarantar firamaren garinmu Breaux Bridge. An ce a cikin motarki zuciya ta tsaya, kin kunna ta ke nan za ki tafi aiki.

'Yata Noelie tana da lalurar galahanga. Ba ta da maganar kanta. Abin da ta ji a bakin wani shi take maimaitawa, da muryar mai shi sak. Ga farfaɗiya, ga ciwon ciki mai murɗe ta har ta riƙa buga kai da tebur. Kafin ki zo makarantar, kusan kullum sai an kira ni in ɗauke ta, har aka fara zancen ta zauna gida ta yi karatu. Ke kika hana. Kika sa ɗan gado a ofishinki, kika rage hasken fitila don yana tayar mata da ciwon. In ya taso, ta kwanta wurinki. In ya lafa, ki riƙo hannunta ki mayar da ita aji. Da haka ta koyi karatu.

Ba na manta ranar da na zo ina kuka, kika miƙo min kwanon miyar gumbo, kika ce, "Uwar Noelie, ci tukuna. Kukan nan naki in da yunwa ko daɗin ji ba shi da shi."

Amma akwai abin da ban gaya wa kowa ba sai mijinki. Safiyar nan ta Talata, tun wayar rasuwarki ba ta shigo ba, Noelie na zaune tana jera cokula. Sai ta ɗago kai ta dubi bakin ƙofa, inda babu kowa, ta ce da muryarki, har da ɗan tarin nan naki, "'Yar albarka, yau ba ni nan. Ki sha maganinki, ki shiga aji." Na yi ta laluben ranar da kika taɓa faɗa mata haka. Ba ki taɓa fashin aiki ba tun da ta san ki.

Da na ba mijinki Alcide labari a gidan makoki, sai ya ce, "Halinta ne. Ba ta tafiya ba ta bar sallahu ba."

Yanzu an kawo sabuwar nas, mutuniyar kirki. Ta ce min in Noelie ta kwanta a gadon, sai ta miƙa hannu gefe, ta dunƙule yatsu kamar mai riƙe da wani, sannan ta tashi ta koma aji ita kaɗai. Ban san abin da zan kira wannan ba. Na dai san tana zuwa makaranta.

Allah ya jiƙanki, Verna, ya yafe kurakuranki, ya ba ki hutun da kika riƙa ba 'ya'yan mutane. Ina miƙa ta'aziyyata ga Alcide, da 'ya'yanki Renard da Colette, da dukan iyayen da suka rasa mai tsaya musu. Allah ya ba mu haƙuri, ya sa mu cika da kyau in tamu ta zo.