Rabi'u Mai Hoto a Rugar Buba

Rabi'u ya shekara da shekaru yana tsayar da mutane a gaban labule. Shagonsa na bayan tashar Dogondutsi, labulen kuwa zanen gidan bene ne da furanni. Duk wanda ya shigo, maganar ɗaya ce: "Ɗaga kai. Haɗa ƙafa. Kada ka motsa." Haka kawunsa ya koya masa, bai kuma taɓa tambaya ko akwai wata hanya ba.

Gab da Sallar Layya wani makiyayi mai suna Buba ya shigo. Matarsa Hawwa'u na kwance asibiti a Yamai tun kafin azumi, da ciwon ƙafa, tana son ganin yaranta cikin kayan sallah.

"Kawo su nan mana," in ji Rabi'u.

"In na kwaso su, wa zai tsaya ma dabbobi? Kai dai ka taho, Malam."

Washegarin sallah Rabi'u ya naɗe labule ya ɗaure bayan babur, ya nufi rugar da ke kusa da Dumega. Ya rataya shi a jikin gawo, ya jera yaran: Jamila babba, Yazid, da autarsu Sumayya. Suka sandare kamar sojoji, ya ɗauka. Sai ga wata akuya ta cafke bakin labulen tana tauna. Yazid ya yi kanta, Jamila ta tuntsure da dariya, Sumayya ta bi su da takalmi a hannu. Yatsan Rabi'u ya danna ba da shawararsa ba.

Ya daɗe yana kallon abin da ya fito. Ashe haka fuskokinsu suke in ba a ce su tsaya ba? To sauran wunin me suke yi? Maimakon ya juya gida, sai ya zauna ya sha fura har aka manta da shi. Ya ɗauki Jamila tana juya naman layya tana kare ido daga hayaƙi. Ya ɗauki Yazid yana kokawa da maraƙi, da Sumayya da barci ya kwashe riƙe da ƙashi. Ya wanke hotunan duka aka kai Yamai.

Bayan damina Hawwa'u ta zo shagon da kanta, tana dogara sanda. Ta zare hoton Sumayya daga zaninta, duk ya lanƙwashe don yawan dubawa.

"Malam, ka ga kitson nan? Hannun Jamila ne. Na bar ta ko tsaga ba ta iya ba."

Ta nuna masa maraƙin, ta ce daga ganinsa ta san jar saniyarta ta haihu lafiya. Ta nuna wandon Yazid da ya ɗage, alamar yaro ya yi tsawo. Rabi'u shi ya ɗauki hotunan, amma ko ɗaya cikin waɗannan bai gani ba.

Tun daga nan ya kama shiga gidaje, ranar suna, ranar sallah, har ranar da ba a komai sai sussuka da wankan yara. Abokansa na tasha suna tsokanarsa wai ya koma ɗaukar masu majina. Shi kuwa in ya kai hoto ba ya tashi sai ya tambaya: "Mi kuka gani a nan?"

Kwanan baya, a Ɗan Kassari, wata tsohuwa ta ce masa ya ɓata aiki, tunda a hoton jikanta ya ba da baya yana leƙen rijiya. Rabi'u ya miƙa hannu zai karɓa, ta hana.

"Bar mini shi, ɗana. Wannan tsayuwa da hannu a ƙugu, ta marigayi mijina ce."