Ranar da Na Kai Baba Ganin Mawaƙin Holan

Muna idar da sallar asuba muka yi shiri, gari na wayewa muka bar gida a Largo, nan gefen Washington, ni da Baba da ƙanwata. Tafiyar cikin Washington ce kawai, amma a wurin Baba tafiyar da ba a yi mata sammako ba yawo ce. Masu tambayata me ya fitar da ni ranar Asabar cikin sanyin nan, ga labarin.

Wata takwas ke nan da rasuwar Mama, wata biyar da muka ɗauko Baba daga Zariya. Mutumin da a unguwarmu ba a walima sai ya rubuta waƙa ya karanta, ya koma zaman bakin taga. Abinci sai da lallashi. Littafin waƙoƙinsa na aljihunsa kullum, bai ƙara masa ko layi ɗaya ba. Ni nas ce a sashen masu ciwon damuwa, na san abin da nake gani. Na samar masa ganin likitan ƙwaƙwalwa ranar Talata, amma na ce masa na hawan jini ne. Na san halin mutumina: yana jin gaskiya zai ce mun mayar da shi mahaukaci, a sayo masa tikitin gida. Ƙaryar nan ta tsaya mini a rai. Sai wata abokiyar aikina ta ce akwai wani ɗakin karatu da ya baje hotuna da rubuce-rubucen wani marigayi ɗan ƙasar Holan, mawaƙi kuma likitan ƙwaƙwalwa. Na ce to, Allah ya kawo dabara.

Jirgin ƙasa ba kowa sai ma'aikatan asibiti da suka tashi aiki suna gyangyaɗi. Baba ya sha babbar riga, ya ɗora jibgegiyar rigar sanyi a kai. Ƙanwata ta buɗe ledar ƙosai, ƙamshi ya cika taragon, na zungure ta, don a jirgin nan ba a cin abinci. Muka isa ba a ko buɗe wurin ba. Ta leƙa wani shago ta ga kuɗin kofin shayi, ta dawo tana yi wa flas ɗinmu kirari. A kan benci muka karya, tattabarai na jiran rabonsu.

Ɗakin ƙarami ne. Ga hoton mutumin a ofis, da kujerar mara lafiya a gabansa. Ga takardun da ya rubuta waƙoƙi da hannunsa, duk ya soke kalmomi ya sake. A nan Baba ya tsaya, ya gyara tabarau, ya daɗe. Wata dattijuwa mai kula da wurin, haifaffiyar Holan, ta ce da rana mutumin nan sauraren masu baƙin ciki yake yi, waƙa kuma in ya samu sarari. Baba ya tambaye ta ko mahaukata ake kawo masa. Ta ce da yawansu mutane ne kawai da suka rasa wani nasu.

Sai ya roƙe ta ta karanta masa waƙa ɗaya da harshensu. Ba ya jin ko kalma, amma na ga yatsansa na bugun cinyarsa, yana auna karin waƙar, yadda yake yi a tsakar gida in ɗalibai sun kawo masa tasu. Da ta gama ya juyo gare ni ya ce, "Uwata, ba amsa-amo ko kaɗan. Da ɗalibina ne da na mayar masa. Amma mutumin ya san rashi." Wallahi sai da na fita waje na share hawaye. Rabon da in ji ya kushe wani abu tun Mama na da rai.

A hanyar dawowa, jirgi ya fito daga ƙarƙashin ƙasa, rana ta haske mu, Baba ya ce, "Ranar Talatar nan, hawan jini ne ko?"

Na sunkuyar da kai. "A'a, Baba. Ka yafe mini."

"Kin manna takardar asibiti a jikin firij. Kin manta Turanci na koyar har na yi ritaya?"

Ƙanwata ta fashe da dariya, ni kuwa kunya kamar in nutse. Na jira maganar tikiti, ba ta zo ba. Ya ce zai je, tunda ashe akwai masu hankali a cikin likitocin nan, amma kada in ƙara yi masa wayo irin na yara.

La'asar ta yi mana a gida. Abin da na koyo shi ne, kullum ina gaya wa iyalan marasa lafiya su faɗi gaskiya, da abin ya zo kaina ni ce na fara ɓoyewa. Ina cire takalmi Baba ya zaro littafinsa daga aljihu, ya miƙo mini hannu.

"Uwata, ba ni biro."