Kujerar da Na Kai Gaban Baffa

Da na faɗo daga babur a Kwanar Dangora ƙashin ƙuguna ya karye, sai aka kai ni Kano aka sa mini ƙarfe. Likitan bai ɗauke ni jahila ba, shi ya sa har yau nake yi masa addu'a. Ya ɗora mini irin ƙarfen a tafin hannu, ya ce wani siminti ne na asibiti yake riƙe shi cikin ƙashi. In ƙarfen yana motsi yana gugar simintin, sai ya riƙa zubar da gari, garin ya cinye ƙashin da ke kewaye, ƙarfe ya saki.

Na ce, "Likita, ai dutsen niƙa kake faɗa. Tun ina yarinya nake tauna tsakuwarsa a tuwo."

Ya yi dariya, ya ce na riga ɗalibansa ganewa. Ranar nan saura kaɗan in tashi in taka rawa da ɗanyen ɗinki. Ya rubuta mini takarda: ban da kaya mai nauyi, ban da durƙuso, kada ƙarfen ya goce. Ni na karanta da kaina, ni da na shiga ajin yaƙi da jahilci da jikoki a gabana. Sau uku na karanta wa matar gadon kusa da ni, ba tare da ta tambaya ba.

Kaya ba matsala. Durƙuson ne aiki, don a gidanmu na Ba'awa ba macen da ke gaida Baffa, ƙanen mahaifin mijina kuma malamin unguwa, sai gwiwa a ƙasa.

Ranar wani suna na dogara sandata, na jawo kujerar roba har zaurensa, na zauna daram.

"Baffa, ina wuni?"

Ƙanwar mijina ta matso tana raɗa, "Yaya, boko ya hau miki ka? Sauka mana."

Na ce, "In ƙarfen ya saki, ke za a yanka?"

Baffa ya dube ni, ya dubi kujerar. "Wa ya ce ki gaishe ni daga sama?"

Na kwance takardar daga bakin zanena, na karanta masa da ƙarfi. Na ƙara masa da bayanin dutsen niƙa.

Ya ce, "Salla fa, yaya kike yi?"

"A zaune, Baffa."

"To, wanda ya halicce ki ya karɓa a zaune, ni wane ne? Lafiya lau, ya jiki?"

Kujerar tana zauren har yanzu. In ba na nan shi yake hawa, wai gwiwoyinsa ma sun fara niƙa.