Agogon Zafi na Arzika Direba

Ranar Litinin, sha huɗu ga watan Mayu na 1979, da hantsi, wani dogon mutum siriri ya shigo tashar motar Gummi da Fijo akori-kura mai ruwan ƙasa. Ya tsayar da ita gindin dogon yaro, ya fito, ya ɗora bayan hannunsa a kan bonet kamar mai duba zazzaɓin jariri, sannan ya nufi rumfar Malami, akawun ƙungiyar direbobi. Ya ce sunansa Arzika, mutumin Bukkuyum, yana son a ba shi layi tsakanin Gummi da Anka. Malami ya tambaye shi motar wa ce. Ya ce, "Tawa ce," a hankali, kamar bakinsa bai saba da kalmar ba.

Bai saba ba kuwa. Shekarunsa fiye da goma yana tuƙa motocin mutane. A bazarar 1976 yana jan motar wani ɗan kasuwa, maƙare da gero, sai robar lagireto ta fashe bayan Daki Takwas. Agogon zafin motar ya daɗe da mutuwa, babu abin da ya faɗa masa ruwa ya tsiyaye, sai da injin ya ƙone ƙurmus. Mai motar bai zage shi ba. Da aka gyara ta, ya kira shi gaban jama'a, ya karɓi makulli, ya miƙa wa wani. Arzika ya koma gona damina uku, ko ƙarar mota ya ji a hanya sai ya sunkuyar da kai.

Innarsa, Marka, ita ta fitar da shi. Tana da shanu na gado da ke hannun wani Bafillace, Modibbo. Ta aika aka kora su kasuwa, shi kuma ya haɗa da abin da ya samu na gyaɗa, ya tafi Gusau ya sayo wannan akori-kurar ta hannu. Da ya kawo ta ƙofar gida, tsohuwar ta shafa ƙofarta ta ce, "Ga shanuna nan sun koma ƙarfe. Ka yi musu kiwo."

Shekara guda ya yi yana kiwon nan lafiya. Yakan ɗauki 'yan kasuwa da buhunansu, da Fulani mata da ƙorensu na nono, ya kai su Anka ya dawo. Amma ita ma wannan motar agogon zafinta matacce ne, kamar na yawancin motocin tashar. Sauran direbobi ba su damu ba, da hanci suke aiki, in sun ji ƙauri su tsaya. Shi kuwa ya san cewa ran da ya ji ƙauri a Daki Takwas, aikin gama ya riga ya gama. Saboda haka da bazarar 1980 ta matso, ya sayo agogon zafi a wani shagon kayan mota a Gusau, ya kawo wa Shitu, bakaniken da ke da rumfa a bakin tasha.

Abin kamar ƙaramin gwangwani ne mai fuskar gilashi, da allura, da lambobi daga arba'in zuwa ɗari da ashirin, daga ɗari zuwa sama an shafa ja. Bayansa akwai siririn bututun jan ƙarfe, a ƙarshensa wani ɗan kai kamar harsashi. Shitu ya huda ƙasan allon gaban direba ya ɗaure agogon da ƙusoshi biyu, ya zura bututun ta wani rami zuwa cikin bonet, yana lallaɓa shi kada ya karye, ya murɗa ɗan kan a saman injin inda ruwa ke wucewa. Direbobi suka taru suna kallo.

"Arzika ya sai wa mota agogo," in ji wani. "Ita za ta riƙa tashe shi sallar asuba."

"Ku yi dariya," in ji Arzika. "Ni dai na huta da shaƙe-shaƙe kamar kare."

Bai huta ba. Washegari, tun bai yi nisa da gari ba, allurar ta hau ta shiga ja. Ya tsaya, ya buɗe bonet, ya jira, ya ƙara ruwa, ya tashi. Can gaba kaɗan ta sake hawa. Ran nan sai da rana ta karya suka shiga Anka, kasuwa ta fara watsewa.

Haka abin ya ci gaba. Ya canza fanbel, bel ɗin da ke juya fankar injin. Shitu ya sauke lagireto ya wanke ta, ya tsokace kowane rami. Aka sa sabuwar roba, aka canza baƙin mai. Allura ba ta san an yi ba. Arzika ya sayi jarkoki, ya san kowace rijiya da ke bakin hanya. Hure, wadda ta fi kowa yawan ƙore cikin masu nono, ta ce masa ita nononta ba ya jiran ƙarfe ya huce, ta koma motar wani. 'Yan kasuwa suka bi ta. Tasha ta raɗa wa motar suna Sai-ta-huce. In layi ya zo kansa, ɗan kamasho ya yi ta kiran Anka har muryarsa ta dushe, mutane na zaune a inuwa suna jiran ta bayansa.

Damina ta sauka, gari ya yi sanyi, ya sa rai abin zai sassauta. Bai sassauta ba. Shitu ya ce masa gaskiya shi dabararsa ta ƙare, sai dai a buɗe injin, kuma in an buɗe ba a san abin da za a tarar ba. Arzika ya rame. In ya je Bukkuyum, Inna Marka ta tambaye shi shanunta, ya ce suna nan lafiya, ya kawar da kai. Daga ƙarshe ya yanke shawara gara ya sayar tun tana tafiya da ƙafarta, a tsira da wani abu. Ya sami Alhaji Maikuɗi dillalin motoci, bai ɓoye masa komai ba. Alhajin ya girgiza kai, ya taya ta tayin kayan gwangwan. Suka aje magana a kan za su haɗu a tasha bayan la'asar, ranar wata Laraba cikin watan Agusta, in ya dawo daga Anka.

A dawowar nan, wadda ta zauna gaba ita ce Inna Asabe, tsohuwa mai awon hatsi, wadda ba ta bar motarsa ba don ta ce shi kaɗai ne ba ya gudu da ita kamar an biyo shi. Ana yayyafi. Suna wuce mararrabar Bukkuyum allura ta shiga ja, ya gangara gefe ya kashe mota.

"Mi kuma ya faru, ɗan nan?"

"Ta yi zafi, Inna."

"Cikin ruwan ga? Wa ya ce maka?"

Ya nuna mata agogon. Ta matso da fuskarta ta ƙura masa ido, sannan ta buɗe ƙofa ta fita cikin yayyafin, ta ɗora tafin hannu a kan bonet, ta daɗe. Ta dawo tana goge hannu da gyale.

"Tukunyar tuwona ta fi wannan zafi bayan an kwashe. Shi abin nan naka, da ka sawo shi, da mi ka gwada shi?"

"Ai shi ake gwaji da shi, Inna. Ma'auni ne."

Tsohuwar ta yi dariya har da tari. "Ma'auni! Kai dai ba ka taɓa zama bakin buhu ba. Ni tun ina budurwa nike awo, ban taɓa sayen mudu na kai shi kasuwa ba sai na zuba shi cikin wanda na sani. Akwai wanda anka buga wa gindi, akwai wanda maƙeri ya yi barci yana yi. Kai kuma an ba ka mudu a shago, ka rungume shi kamar an saukar da shi daga sama, kana ta azabtar da mu a hanya."

Arzika ya tayar da mota. Allurar na cikin ja, amma bai sake tsayawa ba har Gummi.

Alhaji Maikuɗi na zaune a benci yana jiransa. Arzika ya gaishe shi ya ce a yi masa haƙuri kaɗan, ya wuce rumfar Shitu ya faɗa masa abin da tsohuwar ta ce. Shitu ya tsaya da sifana a hannu, ya sosa ƙeya.

"Wallahi ban gwada ba. A takardarsa ya zo, sabo fil." Sannan ya ce, "Ruwa in ya tafasa, ɗari ne. Wannan ko a Sakkwato haka yake."

Ya kwance agogon gaba ɗaya da bututunsa. Mai shayin tasha bai daɗe da hura wuta ba, butarsa na kan murhu. Suka roƙe shi ya buɗe murfin, ya ce in an ɓata masa ruwa da baƙin mai sai an biya. Shitu ya wanke ɗan kan da sabulu, ya tsoma shi. Mutane suka zagaye su, har Inna Asabe da ta bar buhunanta a bayan mota.

Allurar ta tashi. Ta wuce sittin, ta wuce tamanin, ta shiga ja, ta je ta jingina da ƙarshen lambobin. Butar kuwa shiru, ko kuka ba ta fara ba. Mai shayi ya leƙa, ya tsoma yatsa ya fitar yana yarfewa.

"Da zafi dai, amma wanga ruwa ko ganye ba ya jiƙawa."

Tasha ta ɗauki ihu. Arzika ya zauna a ƙasa cikin laka, da rigarsa da komai, yana ta alhamdu lillahi, yana dariya hawaye na zuba. Wata biyar yana jinyar injin da ko ciwon kai ba ya yi.

Alhaji Maikuɗi ya taso yana gyara hula. "To, Arzika, maganarmu fa?"

"Albarka, Alhaji."

"Na ƙara."

"Albarka dai, ranka ya daɗe. Allah ya kawo wani cinikin."

Alhajin ya harari Inna Asabe ya ce tsofaffin zamani ba sa barin mutum ya ci abinci. Ta ce ya zo gida ta auna masa gero. Daren bai yi ba Arzika ya kai mata buhunanta har ƙofar gida, ya ƙi karɓar kuɗin mota, daga nan ya wuce Bukkuyum ya faɗa wa innarsa duk abin da ya ɓoye mata.

Ya sake sayo wani agogon, wannan karon sai da aka dafa shi a butar mai shayi ya tsaya daidai kan ɗari kafin Shitu ya ɗaura. Daga baya ya ƙara da na baƙin mai. Fasinjojinsa sun dawo kafin kaka, Hure ce ta ƙarshe. Ya ci gaba da jan motar tsakanin Gummi da Anka har shekarar 1987, ba a taɓa buɗe injinta ba. A shekarar ne idonsa na hagu ya fara yana, ya ajiye tuƙi da kansa, ya sayar da ita ga wani direba mutumin Anka. Ya sayi shanun huɗa biyu da wata fadama a gefen Bukkuyum, inda yake noman shinkafa da albasa. Yana nan da ransa, da matarsa da 'ya'ya shida.